Yadda Na Tsugunar da Dattawan Wurno

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ko da na so in manta, don mutanen Wurno ba za su bar ni ba. Ita ce ranar da na shiga zauren manya da ƙafafuna don nema wa ƙanena aure, aka fito da ni a hannun mutane. Amma ni ba na son labarin da aka fara daga tsakiya, saboda haka bari in bi shi daki-daki.

Ni mutumin Goronyo ne, ina da injin casar shinkafa a bakin kasuwa. Karatuna na boko bai wuce sakandare ba, na allo kuma na tsaya inda na tsaya. Amma a wajen tsari ba na jin akwai wanda ya fi ni a garin nan. Buhun da ya fara shigowa wurin injina shi zai fara fita, ko da na bayansa na hakimi ne. A gidana takalma ma a jere suke kwana, daga babba zuwa ƙarami. Yarana in za su gaishe ni da safe, wanda aka fara haifa shi ke fara buɗe baki. Shi ya sa ake ce mini Manaja, wasu don girmamawa, wasu don tsiya.

Abu ɗaya ne ya ƙi bin tsarina, shi ne cikina. Aikin inji aikin zama ne ga mai shi. Kana kan benci daga safe har yamma, mai fura ta wuce ta gaishe ka, mai kifi ya taho daga dam ya ce na yau na musamman ne, manomi ya ji daɗin casa ya aiko maka da tsire. Ban san lokacin da abin ya taru ba. Na dai wayi gari na ga in zan duba takalmina sai na leƙa. Wata rana da ma'aikata suka tafi salla na hau sikelin da muke auna buhu, na duba, na sauka da sauri na juya allurar kamar ba abin da ya faru. (Ba zan faɗi abin da na gani ba. In da shinkafa ce, da an ce a rage a zuba a wani buhun.)

Da kaina ya fara sarawa sai na je asibiti. Malamar asibitin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta dubi abin, ta dubi cikina.

"Baba, jininka ya hau," in ji ta. "Kuma wanga ciki ba shi taimakonka. Sai ka rage tuwon dare, ka riƙa motsa jiki har ka yi zuhwa."

Na ce mata mutum kamata ba zai fita gudu a kan titi ba. A wannan zamani da muke ciki, in aka ga babban mutum yana gudu da sassafe ba a tsayawa tambayarsa dalili. Kowa zai saɓi 'ya'yansa ne ya bi bayansa. Ta yi dariya, ta ce ba sai na fita ba, ba kuma sai na sayi komai ba. Cikin ɗaki ma ana yi, da nauyin jikin mutum kawai, ni kuwa Allah ya hore mini kayan aiki. Ta tura mini wani bidiyo a waya.

Da na koma gida na rufe ƙofa na kalla, sai na ji abin ya kwanta mini, don abu ne mai jeri. Wani siririn mutum ne cikin gajeren wando. Da farko ya yi ta tsalle yana buɗe ƙafafu yana tafa hannu bisa kai. Bai huta ba ya shiga tsugunawa da tashi, hannuwa miƙe a gaba. Daga nan ya kwanta rub da ciki yana ture ƙasa da hannu. Sai ya miƙe ya riƙa jefa ƙafa ɗaya gaba yana durƙusawa, ya canza ɗayar. Sai gudu a wuri ɗaya, gwiwa har ƙirji. Na ƙarshe ya dafa ƙasa da gwiwar hannu ya sandare kamar azara. Ya ɗan sha iska, ya koma na farko. Hikimar ita ce ba a barin zuciya ta huce tsakanin wannan da wancan, sai ta yi ta bugawa, zufa ta zubo, kitse ya narke a hankali. Na lura rabin abubuwan nan su ne horon da ake ba mu a firamare in mun makara. Wato abin da na yi ta kuka a kansa ina yaro, yau shi na sayi data nake koyo.

Na fara. Bayan sallar asuba nakan shiga ɗakina in sa sakata, in yi zagayena, yau in yi, gobe in huta, kamar yadda aka ce. Ranar farko matata Saratu ta buga ƙofa.

"Malam, lahiya? Katihwa kaka kakkaɓa ko jaki ya shigo?"

Na ce ta koma ga aikinta. Ta koma, amma na ji tana gaya wa yara kada su bi ta jikin bangon nan.

Abin ya tafi daidai na ɗan lokaci, har na fara jin numfashina ya sake. Sai shinkafar fadama ta nuna. Duk wanda ya san Goronyo ya san abin da wannan ke nufi ga mai inji. Tun kafin rana ta fito amalanke da babura sun yi layi, ba ka tashi sai magariba, ka koma gida kanka da gemunka duk ɓuntun shinkafa. Kusan mako biyu ban yi tsalle ko ɗaya ba. Amma ban manta ba. Kowace ranar da ta wuce ni tana nan a raina, a jere.

Ana cikin haka maganar Nasiru ta taso. Nasiru ƙanena ne, autanmu. Mahaifinmu ya rasu yana ƙarami, a hannuna ya tashi, yanzu yana koyarwa a firamare. Ya daɗe yana neman wata malamar makaranta a Wurno mai suna Rukayya, ita ma tana son sa, ba ta ɓoye ba. Sai dai gidansu gidan malamai ne tun kakanni, kuma magana ba ta yankewa sai a bakin kakanta, wanda kowa ke kira Baba Malam. Shi kuwa bai ce i ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a turo manya ya gan su ranar Asabar. An kuma kawo mana, ta bakin mata, cewa ya ce: "Na ji mutanen kirki na, amma an ce ciki ya hi yawa gare su bisa karatu."

Wannan magana ta tsaya mini. Ni ne babba, ni zan yi magana, kuma cikin da ake nufi kowa ya san na wane ne. Nasiru ya zo ya zauna gabana kamar zai yi kuka.

"Yaya, in Baba Malam ya ce a'a, ta ƙare. Ba a komawa gare shi sau biyu."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba a taɓa ba ni aiki na ɓata ba.

To, a nan ne na yi tunanin da ya kai ni ga halaka. Na ce a raina, mutum in azumi ya kuɓuce masa ramawa yake yi. In barci ya ɗauke shi salla ta wuce, ramawa yake yi, kuma a jere, ta farko kafin ta biyu. To me zai hana in rama tsallena? In na biya duka kafin Asabar, ai kitsen mako biyu zai fita gaba ɗaya, in shiga Wurno da ciki mai ladabi. Na san mai gajeren wandon ya ce a bi a hankali. Na ji shi sarai. Na dai ɗauka shi bai san ramuwa ba.

Ranar Alhamis na bar injin a hannun ma'aikata, na sa sakata. Na fara da ranar da ta fi daɗewa, har da niyya a zuci: wannan na Litinin ta farko ne. Na gama, na sha ruwa, na ɗauki na Laraba. Da hantsi ya yi zufa ta jiƙa tabarma har ta soma zamewa. Na huta, bayan la'asar na koma. Wajen ƙarshe ba tsalle nake yi ba, ɗaga duga-dugai nake ina roƙon Allah, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Saratu ta tsaya bayan ƙofa tana salati.

"Malam, don Allah mi munka yi maka? In laihi na, hwaɗa muna, kak ka kashe kanka ka bar mu da inji."

Na fito na ce mata na biya abin da ke kaina. Na duba cikina, yana nan yadda yake, sai dai ya yi sheƙi.

Ranar Juma'a na ji cinyoyina sun ɗan yi tsami, na ce alamar aiki ce. Abin da ban sani ba shi ne irin wannan ciwo ba ya zuwa da ƙarfinsa washegari, sai ya kwana biyu ya shirya. Safiyar Asabar na buɗe ido na ji kamar an cire mini ƙafafu da dare an sa itacen girki. Sallar asuba a zaune na yi ta. Abin da ya gudana a ban-ɗaki kuwa tsakanina da bango ne, kuma ina yi wa wanda ya gina bangon nan addu'a har yau. Mai hankali da ya ga haka zai aika a ce ba shi da lafiya. Ni kuwa na ce an sa Asabar, Asabar za a yi. Na zuba babbar riga, na kafa hula.

Mu huɗu muka tafi: ni, da dattawan unguwarmu biyu, da Isiya. Isiya ɗan kawuna ne, wato taubashina, dillalin albasa, siriri kamar kara ko da yake ya fi ni ci. Tun muna yara aikinsa ke nan, neman inda zan faɗi ya yi dariya. Motarsa ta ɗaukar albasa muka shiga. Ya ga na shiga da baya, ina ɗaga ƙafafuna da hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Manaja, haihuwa ta kusa?" in ji shi.

Na ja ƙofar motar na rufe. A hanya na tsara komai: zan shiga, in tsuguna kusa da bango in gaida Malam, in dafa bangon in tashi, in hau tabarma, sannan in yi jawabi mai hawa uku, yabon gidan, asalin namu, sai buƙata.

Da muka tuɓe takalma muka shiga, sai na ga tsarina ya rushe tun daga tushe. Zauren babba ne, kuma Baba Malam a tsakiyarsa yake zaune kan buzu, ɗan tsoho fari fat da gemu, littafi buɗe a gabansa. 'Yan'uwansa da manyan ɗalibansa sun jeru a jikin bango, sun cinye shi kaf. Ba yadda za a yi ka gaida irin wannan mutum a tsaye. Na matsa gabansa, na ce bismillah a zuci, na fara sauka. Rabin hanya cinyoyina suka saki aiki, na ƙarasa kamar an yar da buhu. Amma na sauka a kan ƙafafuna, a tsugunne, daidai yadda ake so.

"Allah gafarta Malam, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau, ɗana. Ina hanya? Ina mutanen Goronyo? Ina aikin shinkahwa?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya nuna tabarmar baƙi can gefe ya ce, "To, bismillah, ku hau." Isiya da dattawan suka miƙe suka je suka zauna. Ni ma na ba ƙafafuna umarni. Ba su amsa ba. Na sake ba su. Shiru, kamar na maƙwabci.

Na duba hanyoyin da suka rage, a jere. Gabana akwai Malam da littafinsa. Dama da hagu alluna ne a jingine da juna, da rubutu a jikinsu. Bayana kuwa, muna cikin gaisuwa aka shigo da wata ƙatuwar ƙwaryar fura ta baƙi aka ajiye dab da dugaduganina, ina jin sanyinta. In na saki jiki baya, cikin fura zan zauna, ƙafafuna su miƙe su nuna fuskar Malam. Na juya ido na dubi Isiya, na yi masa alama ya zo ya ba ni hannu. Ya gane. Na ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ta yi haske.

"Allah gafarta Malam, ku yi haƙuri da shi," in ji Isiya. "Haka shike. Ladabi gare shi. Ba shi hawa tabarmar manya sai ya ga abin da yak kawo shi ya tabbata."

Malam ya dube ni da kyau. A al'adarmu wanda ya gama gaisuwa bai tashi ba, yana da magana. "To ɗana, mi ke tahe da kai?"

Jawabina mai hawa uku ya tafi. Na ce, "Muna roƙon a ba Nasiru Rukayya," kamar mai sayen gishiri.

Sai Malam ya gyaɗa kai ya juya ga 'yan'uwansa. "Kun gani? Rabona da ganin mai neman aure da ba shi zama sai an ba shi, tun zamanin iyayenmu. Kuma bai cika mu da zance ba. Mun ba Nasiru Rukayya. A yi fatiha."

Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, ina lilo kaɗan-kaɗan. Aka shafa. Abin da ya kawo mu ya samu tun ba a sha ruwa ba. Saura in tashi. Kowa ya zuba mini ido.

"Da sauran magana, ɗana?"

Na ce, "Muna son addu'a."

Kada Allah ya sa ka roƙi malamin Wurno addu'a kana tsugunne a kan cinyoyin da suka yi ramuwa. Ya fara da iyayenmu da suka rasu. Ya bi kakanninsa da sunayensu ɗaya-ɗaya. Ya roƙa wa manoman gero da na albasa, ya roƙa wa matafiya tsari a hanyar Rabah da ta Goronyo, ya roƙa wa waɗanda suka bar ƙauyukansu Allah ya maishe su lafiya. Addu'a ce mai kyau, kuma ba wanda ya kai ni ƙarfin amin, don kowace amin da ihu take fita. Tafin ƙafata ya mutu, mutuwar ta hau ƙwauri.

Aka shafa. Ina nan.

"Har yanzu da saura?"

A nan bakina ya yi abin da ban aike shi ba. Idona ya faɗa kan littafin, na ji na ce, "Ina son in zan ɗalibinka."

Idon tsohon ya kawo ruwa. "Allahu akbar. Ɗana, na san abin da yat tsugunar da kai. Maganar da nay yi ta ciki da karatu ta kai gare ka. Ban kyauta ba, ka yahe mini. Kowace Asabar ka taho, mu hwara daga babin tsarki." Sannan ya yi abin da ya ƙarasa ni. Ya ce ba zai zauna kan buzu ba alhali mutumin da ya ɓata wa rai yana tsugunne. Ya ture buzun, ya tsuguna a gabana, gwiwa da gwiwa.

To, in Baba Malam yana tsugunne, wa ya isa ya zauna? 'Yan'uwansa suka sauka daga tabarma suka tsuguna. Ɗalibai suka tsuguna. Dattawanmu biyu, waɗanda gwiwoyinsu suka daɗe da yin ritaya, suka tsuguna suna harara ta. Isiya ma ya tsuguna, kafaɗunsa na rawa, ya cusa bakin riga a baki. Wani mutum ya yi sallama da saƙo, ya ga zaure cike da rawuna a tsugunne ba mai magana, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa bai tambayi kowa ba. Na ji wani a waje yana cewa, "Rasuwa anka yi?"

Muka zauna haka, ko in ce muka tsuguna haka. Zufa na bin gemuna tana ɗiga. Malam yana kallona dab da dab, sai na ga fuskarsa ta fara canzawa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "na ba ka aure, na yi maka addu'a, na karɓe ka ɗalibi, na roƙe ka gahwara. Ba ka tashi ba. Idonka ya yi ja, leɓenka na rawa. Mutum ba shi hakanga sai da nauyi ga zuciya. In akwai wani aibi ga yaron ga da kaka ɓoyewa, hwaɗa mini tun ba a ɗaura ba."

Wani ƙanensa mai kaurin murya ya ce daga gefe, "Yaran zamani, Allah kaɗai ya san abin da suka sha."

"In ba ka iya hwaɗi," in ji Malam, "to ni ɗage kyautata, sai na bincika."

Dariyar Isiya ta ɗauke. Na tuna Nasiru a gabana yana cewa ba a komawa sau biyu. Yaron da ko goro ba ya ci, ga shi za a sa shi cikin mashaya saboda cinyoyina. Na auna girmana da aurensa, na ga girman nawa ma ai ya riga ya zube, saura a sanar.

"Allah gafarta Malam, Nasiru ba shi da aibi ko ɗaya. Ni ne. Ba ni iya tashi."

"Ciwo na?"

"Tsalle na."

Ba wanda ya gane, sai Isiya ya miƙe ya ce a ba shi izini ya yi bayani. Ashe Saratu ta leƙa ta kafar ƙofa ta haddace jerin duka, ta gaya wa matarsa komai. A tsakiyar zauren malamai, cikin babbar riga, taubashina ya yi tsalle yana tafa hannu bisa kai. Ya tsuguna ya tashi. Ya yi gudu a wuri ɗaya hularsa na rawa. Har nishina ya kwaikwaya. (Ya sa na biyar kafin na uku, kuma Allah ya sani, a cikin wannan hali sai da na gyara masa.)

Malam ya saurara kamar an kawo masa shari'ar gado. "Wa yac ce ka yi?"

"Malamar asibiti, saboda kitse da hawan jini."

"Madalla, neman lahiya na. Kullum tac ce?"

"A'a, ana tsallake rana."

"To mi yas sa ƙahwahunka sunka mutu?"

"Na mako biyu sunka wuce ni lokacin casa. Shekaranjiya na rama su duka."

"Ka mi?"

"Na rama. A jere."

Ya juya ga ƙanensa mai kaurin murya. "Kai da kab biya littattahwai, ka taɓa cin karo da wanga babi?" Sai tsohon nan ya fashe da dariya, yana tsugunne, har rawaninsa ya kwance gefe ɗaya. Zaure ya ɗauka. Mutumin bakin ƙofa ma yana dariya, shi da bai san farkon zancen ba.

Da ya samu numfashi ya share ido ya ce, "Ɗana, ga karatunka na hwarko. Salla a ka ramawa, azumi a ka ramawa. Tsalle in ya wuce, ya wuce." Ya dafa kafaɗata. "Amma gidan da babbansu ka ramuwar tsalle don kak shi bar abu bisa kainai, ba su cin amanar ɗiyar mutane. Kuma ka zaɓi a yi maka dariya da a ɓata ƙanenka. Kyauta tana nan."

Yana gama faɗa ya miƙe tsaye cak, bai dafa komai ba. Mutumin da ya haifi sa'ar babana.

Ni kuwa sai da ɗalibai biyu suka kama ni ta hammata. Suka ɗaga, na taso yadda nake, a naɗe, ƙafafuna sun ƙi miƙewa, kamar kazar da aka fige. Haka aka ratsa da ni ta tsakiyar zaure, aka fitar da ni gindin dogonyaro, gaban duk waɗanda suka taru jin wa ya rasu. Dattawanmu ma sai da aka tashe su, kuma ɗayansu bai yi mini magana ba har muka koma Goronyo. Furar dai ta tsira, Isiya ya sha rabona. Ina kwance ana ja mini ƙafa sai ga ruwan zafi da tsumma daga cikin gida, da saƙon wata tsohuwa: a gasa wa surukinmu, kuma a tambaye shi ko akwai sauran ramuwa a kawo tabarma.

An ɗaura auren bayan salla ƙarama. Rukayya yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Amma duk ranar da ta tsuguna gaishe ni, in ta zo tashi sai na ga ta cije leɓe, ta fita da sauri, in jiyo ta a bayan ɗaki ita da Saratu.

Karatu kuwa ba a janye shi ba. Kowace Asabar ina Wurno, mun wuce babin tsarki da daɗewa. Ranar da na fara zuwa na tarar an ware mini wuri a jikin bango, an kuma kafa wani ƙaton turke na itace daidai inda hannuna zai kai. Ba wanda ya ce komai a kansa, ni ma ban tambaya ba. Ina dai amfani da shi.

Tsallen ma ban bari ba. Ina yin zagayena a hankali, yau in yi, gobe in huta, na rage tuwon dare, kuma yanzu ina ganin takalmina ba sai na leƙa sosai ba. In rana ta wuce ni, nakan ji ta tana mini ƙaiƙayi a rai, amma sai in tuna fatawar Malam in bar ta ta tafi. Abin da na koya, ni mai son jeri, shi ne duk tsare-tsarena na rayuwa a kan yadda zan shiga wuri in sauka gaban manya suke. Ban taɓa tsara yadda zan tashi ba. Yanzu kafin in bar gida zuwa kowace gaisuwa, nakan rufe ƙofa in tsuguna sau ɗaya a tsakar ɗaki. In na tashi, in tafi. In ban tashi ba, in kira Saratu, ita kuma ta kira matar Isiya.